Kafin magana ta je kotu, wa ya kamata a fara tambaya?

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, da waɗanda suka gama suka koma gida, da ƙannenmu masu shirin tahowa. Rubutun nan yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Sati uku ke nan maganar tana cina a rai, na rubuta na goge ya fi sau biyar, yau dai na ce gara in faɗa in huta. Ba zan kama sunan makaranta ko unguwa ko caji ofis ba, haka shi ma wanda abin ya faru da shi. Na nemi izininsa kafin in rubuta, ya ce in rubuta.

Wani ƙanenmu ne ɗan aji biyu a sashen injiniya. Daren wata Laraba ya taso daga karatun dare wajen sha ɗaya da rabi, zai koma ɗakin da suke haya a bayan makaranta. Kun dai san irin lungunan nan da babu fitila. Samari uku suka tare shi, suka karɓe waya, suka kama jakar laftof. Ya ɗan riƙe jakar, don duk aikinsa na wannan zangon yana ciki, sai ɗaya ya fasa kwalba ya yanke shi a hannu, wani ya maka masa wani abu a ƙeya. Allah ya sa da sauran kwana. Abokan ɗakinsa suka kwashe shi zuwa wani asibitin kuɗi, can aka ce ba za a taɓa shi ba sai an kawo takardar 'yan sanda. Jini na zuba, yara na roƙo, aka ƙi. Sai a asibiti na biyu aka yi masa ɗinki.

Ya gane ɗaya daga cikin samarin, ɗan layin ne, kullum yana zaune a shagon cajin waya. Washegari aka kai rahoto, ranar Juma'a aka kama shi. Ranar Litinin sai aka kira zama a gidan shugaban masu gidajen haya na unguwar. Akwai iyayen yaron, akwai dattawan unguwa, akwai wakilin dattawan Hausawan garin, akwai jami'in da ke binciken, sai mu uku daga ƙungiyar ɗalibai. Ni an ɗauke ni ne saboda ina aji huɗu a sashen shari'a, wai ko za a buƙaci wanda ya san doka. Aka dawo da waya, laftof aka ce an riga an sayar, aka ajiye naira dubu sittin kuɗin magani, aka ba juna haƙuri, aka yi addu'a, aka watse. Kafin magariba yaron yana gidansu. Shi kuwa wanda aka yanka yana kwance a ɗaki, bai ma san ana wani zama ba. Ni da aka kai don na san doka, wallahi ban ce uffan ba.

Da muka kai masa ambulan ɗin kuɗin, ya dube shi, ya dube ni, ya ce: "Yaya, ni ba na son a ɗaure kowa saboda ni. Amma me ya hana a tambaye ni?"

Ban iya ba shi amsa ba a lokacin. Tun daga ranar nake komawa littattafaina ina duba abu ɗaya: tsakanin lokacin da aka cuce ka da lokacin da aka gurfanar da wani a gaban kotu, wane haƙƙi kake da shi? Don a wannan tsakanin ne yawancin maganganunmu suke mutuwa. Kaɗan ne ƙwarai suke ganin ƙofar kotu.

Bari in fara da ɓangaren da ba shi da daɗin ji. A tsarin shari'ar da muka gada daga Ingila, laifi irin su fashi da kisa da fyaɗe ana ɗaukarsu an yi wa hukuma ne. Shi ya sa in ka ga fayil a kotu za ka ga an rubuta Gwamnati da wane, ko Kwamishinan 'Yan Sanda da wane. Sunanka kai da aka yanka yana can ƙasa, cikin jerin shaidu. Tsarin mulkin 1999 ya zauna a sashe na 35 da na 36 ya jera haƙƙoƙin wanda ake zargi dalla-dalla: a faɗa masa dalilin kama shi, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun, ya ɗauki lauya, a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Duk waɗannan suna da kyau, mu da ake yawan kamawa a kan hanya ba gaira ba dalili mun fi kowa sanin amfaninsu. Amma babu wani sashe makamancin haka da aka ware wa wanda aka zalunta. Sashe na 174 da na 211 kuma sun ba Antoni Janar na tarayya da na jiha ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe ta daga hannun wani, da janye ta kafin a yanke hukunci. A shari'ar Ilori ta 1983 Kotun Ƙoli ta nuna cewa in ya janye, kotu ba ta da hurumin tuhumarsa dalili. A 2002 ma, a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya kai Sufeto Janar na 'yan sanda, kotun ta ce 'yan sanda suna da damar auna yadda za su tafiyar da bincike, ta ƙi tilasta musu. To ka ji inda muke tsaye.

Kada wani ya ce ai matsalar Najeriya ce kawai. Amurka ta yi doka sukutum a 2004 a kan haƙƙin waɗanda aka yi wa laifi, wadda ta ba su damar tattaunawa da lauyan gwamnati da kuma a mutunta su. Amma ku dubi abin da ya faru a maganar Jeffrey Epstein, attajirin nan da ya riƙa lalata da ƙananan 'yan mata. A 2007 masu gabatar da ƙara na tarayya a jihar Fulorida suka ƙulla yarjejeniya da lauyoyinsa cewa ba za su gurfanar da shi a kotun tarayya ba, kuma aka ɓoye wa 'yan matan. Ya je ya amsa ƙananan laifuffuka a kotun jiha a 2008, ya yi kamar wata goma sha uku a tsare. Ɗaya daga cikin matan, Courtney Wild, ta kai ƙara a 2008 tana cewa an take mata haƙƙi. Sai a Fabrairun 2019 wani alƙali ya yarda cewa an saɓa dokar. Amma a 2021 kotun ɗaukaka ƙara, alƙalai bakwai a kan huɗu, ta ce tunda ba a taɓa shigar da tuhuma a kotun tarayya ba, dokar ba ta ba ta damar kai ƙara a kan haka ba. Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi sauraron maganar a 2022. Ka duba fa: an hana ta haƙƙinta ta hanyar ƙin shigar da tuhuma, sannan aka ce ba ta da bakin magana saboda ba a shigar da tuhuma ba. Shekara goma sha huɗu tana hawa da sauka.

Akwai ma wadda ta taɓa mu kai tsaye. Jirgin Habasha da ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi ɗan jihar Kogi, ƙirar Boeing ne. A Janairun 2021 gwamnatin Amurka ta daidaita da kamfanin a kan dala biliyan biyu da rabi ba tare da ta tuntuɓi iyalan mamatan ba. A 2022 wani alƙali a Tekzas ya ce iyalan suna cikin waɗanda dokar ta kare, ya kamata a ce an ji ta bakinsu tun kafin a sa hannu. Amma da aka zo maganar warware yarjejeniyar, ya ce ba shi da wannan ikon. Wato zaman da muka yi a gidan shugaban masu gidajen haya, manya ma suna yin irinsa, nasu dai da kwat da lakatayi.

Na kawo waɗannan ne don mu gane cewa a ko'ina, lokacin da wanda aka zalunta ya fi rauni shi ne kafin takarda ta isa gaban alƙali. Amma rauni daban, rashin haƙƙi kwata-kwata daban. Akwai abubuwa a dokokinmu da muke da su a hannu muna zubarwa saboda rashin sani, ko tsoro, ko kunya.

Ɗauki maganar asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane irin dalili, ta kuma sa tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. A 2017 aka ƙara wata musamman don waɗanda aka harba da bindiga: asibiti na gwamnati ne ko na kuɗi, dole ya karɓe su ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba, kuma asibitin ne zai sanar da caji ofis mafi kusa cikin awa biyu da fara magani. Ba aikin mai zubar da jini ba ne ya tafi neman takarda. Yaran da suka ɗauki ƙanenmu a daren nan ba su san da wannan ba. Ban ce da sun sani lallai za a buɗe musu ƙofa ba, amma wanda ya ce "doka ta hana ku mayar da shi, kuma ina rubuta sunan wanda ya ƙi", ba a yi masa kallon da ake yi wa mai roƙo kawai. Sannan in an gama ɗinki, a karɓi rahoton likita a rubuce, a ɗauki hoton raunin a ranar, a adana rasit ɗin kowane magani. Rauni yana warkewa cikin sati biyu, daga nan sai ya zama bakinka da bakinsu.

Sai caji ofis. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 31, ta ce in an kai musu rahoton laifi su bincika bisa ƙa'ida, su aika sakamakon ga Antoni Janar don ya ba da shawarar shari'a. Abin da aka yi wa ƙanenmu kuwa ba faɗan samari ba ne. Ƙwace da makami tare da raunata mutum fashi da makami ne a idon doka, hukuncinsa yana kai wa ga kisa, kotun majistare ma ba ta da ikon yanke shi. Hanyarsa ita ce fayil ya tafi ofishin daraktan gabatar da ƙararraki, wanda muke ce wa DPP, shi ya duba ya ce akwai hujja ko babu. A dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 an ma ɗibar wa wannan shawara kwana goma sha huɗu daga ranar da fayil ya isa. Babu inda aka ce jami'i mai bincike ya zauna a falon wani ya rufe irin wannan maganar. Hasali ma, a kundin laifuffukan da ake aiki da shi a Kudu, karɓar kuɗi ko wani amfani don a binne babban laifi shi kansa laifi ne. Ku lura da kyau: ambulan ɗin da muka ɗauka da hannunmu muka kai masa, in da rana za ta ɓaci, zai iya zama abin da za a juya a kansa.

In jami'in da ke riƙe da maganarka ya fara yi maka yawo da hankali, ko ya ce sai ka kawo kuɗin mai, ko kuɗin fayil, ba a nan duniya ta ƙare ba. Kana iya rubuta takardar koke zuwa ga DPO, in bai yi ba zuwa ga kwamandan yanki, in bai yi ba zuwa ga Kwamishina, ka nemi a ɗauke binciken daga wannan ofishin. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Wannan hatimin ƙaramin abu ne amma shi ne bambancin "na faɗa musu" da "ga shaidar na faɗa musu". Akwai sashen karɓar ƙorafi a kan 'yan sanda da aka kafa tun 2015, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kana iya rubuta wa DPP kai tsaye. Kuma dokar 2015 ɗin nan ta yarda mutum ya kai ƙorafinsa gaban kotu da kansa, ko da baki ne a rubuta masa, kotu kuma tana iya tura wa 'yan sanda su bincika. Mu 'yan Arewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a gida mutane sun saba zuwa gaban alƙali su shigar da ƙara kai tsaye. Sai dai ita dokar 2015 ta Abuja ce da kotunan tarayya, kowace jiha tana da tata, Legas ma ta riga tarayya tun 2007. Don haka kowa ya nemi ta jihar da yake karatu ya karanta. Sassan shari'a na jami'o'i da dama suna da ofishin taimakon shari'a kyauta da ɗalibai ke gudanarwa a ƙarƙashin malamai. Ku shiga ku tambaya, don haka aka buɗe shi.

Akwai ma tarihin da ya kamata duk ɗalibi ya sani. Ranar 19 ga Oktoba 1986 aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin da aka aiko masa a cikin ƙunshin wasiƙa a gidansa da ke Ikeja. Lauyansa Gani Fawehinmi ya nemi ya gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu da kansa, DPP na Legas ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Aka ce Gani ba ɗan uwan mamacin ba ne, ina ruwansa. A 1987 Kotun Ƙoli ta ce yana da ruwa, ɗan ƙasa yana da hurumin bin kadin jinin wani ɗan ƙasa. Har yau ba a sami kowa da laifin kisan a kotu ba.

Yanzu bari in zo kan sulhu, don na san a nan ne wasu za su taso min. Ni ban ƙi sulhu ba. Ƙanenmu ma bai ƙi ba, ya faɗa da bakinsa cewa ba ya son a rataye ɗan wani saboda laftof. Abin da na ƙi shi ne sulhun da ake yi a bayan idon mai haƙƙi. Abin mamaki, mu da muka taso a gidajen da ake karanta fiƙihu mu ne ya kamata mu fi kowa ƙin wannan. A shari'ar Musulunci, in an ji wa mutum rauni ko an kashe shi, zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa yana hannun wanda aka raunata ne ko waliyyan jini. Liman ba ya yafewa a madadinsu, mai unguwa ba ya yafewa a madadinsu. Ana roƙonsu, ana kwaɗaitar da su lada, amma kalmar ƙarshe tasu ce. Ita ma dokar boko, a sashe na 270 na dokar 2015, inda ta yi maganar yarjejeniyar amsa laifi don a sassauta hukunci, ta ce a tuntuɓi wanda aka zalunta ko wakilinsa, a ba shi dama ya faɗi ra'ayinsa a kan abin da aka shirya, har da maganar biyansa diyya ko mayar masa da kayansa. To in addini ya ce a tambaye shi, dokar ƙasa ta ce a tambaye shi, mu a wane littafi muka karanta cewa shugaban ƙungiya da dattijon unguwa sun isa su yafe jinin da ba nasu ba?

Na san amsar da dattawanmu za su bayar, kuma ba zan raina ta ba. Za su ce mu baƙi ne a nan. Za su ce kai ɗalibi shekara huɗu ko biyar za ka yi ka tafi, su kuwa a nan shagunansu suke, a nan 'ya'yansu suke. Za su tuna maka Sabo ta Ile-Ife a Maris 2017, da kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, inda saɓani tsakanin mutum biyu ya rikiɗe ya zama rikicin ƙabila, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya ce a bar kaza cikin gashinta, ba tsoro kawai ba ne, akwai hankali a ciki. Ni ma abin da ya ɗaure min baki ke nan a ranar, da kuma nauyin in yi magana a gaban sa'o'in mahaifina.

Amma ku duba abin da ya biyo baya. Yaron ya koma shagon cajinsa. Ƙanenmu, da bandeji a hannu, yana bin ta gabansa safe da yamma, ko ya zagaya ta doguwar hanya. Sauran biyun ba a ma tambayi sunansu ba. Duk samarin layin sun ga farashin yankar ɗan Arewa: dubu sittin da ban haƙuri. Ƙannenmu kuma sun koyi cewa kai rahoto ɓata lokaci ne. Na ji da kunnena wani yana cewa gaba in an kama ɓarawo ba sai an kai shi ko'ina ba. Wannan maganar ta fi komai tayar min da hankali, don mun san inda take kaiwa. A Aluu, a 2012, ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal aka kashe a kan zargi. A Uromi, a Maris 2025, matafiya goma sha shida 'yan Arewa aka kashe a kan zargi. Mutane suna ɗaukar doka a hannu ne a inda suka yanke ƙauna cewa hukuma za ta saurare su. Rufa-rufar da muke yi da sunan zaman lafiya kitso ne da ƙwarƙwata.

Ban kuma ce a danne wanda ake zargi ba. In an ba shi beli a laifin da ke da beli, haƙƙinsa ne, ba cin amanarka aka yi ba. Kada ka nemi a kama uwarsa ko ƙanensa don ya fito, doka ta hana kama wani a madadin wani. Kada ka kai wanda kake bi bashi caji ofis ka ce ɓarawo ne, doka ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Wanda ke neman a kiyaye masa haƙƙi ba ya farawa da taka na wani.

'Yan uwana mata, ku ne kuka fi kowa shan wannan sulhun na bayan ido. In an ci zarafin ɗaliba, kafin ta gama kuka an kira kawunta a waya daga gida, an ce a rufa asiri saboda aure, an ce ta tattaro kayanta ta dawo. Wani lokacin ma makarantar ce za ta ce a bari a yi a cikin gida. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, a sashe na 38 ta ba wadda aka cuta haƙƙin samun kulawar likita da ta ƙwaƙwalwa da taimakon shari'a, da haƙƙin a sanar da ita cewa akwai waɗannan. Ta ce duk wata ƙa'idar wata cibiya da ta hana kai rahoto ba ta da tasiri, kuma ba za a kori mai ƙorafi ko a dakatar da ita ko a hukunta ta don ta kai ƙorafi ba. Tana kuma iya neman kotu ta ba da umarnin kariya, a hana mutumin kusantarta, ba sai an jira an gama shari'ar laifi ba. Ita ma asalinta ta Abuja ce, jihohi da yawa sun yi tasu, a duba ta jihar da ake. Abu mafi gaggawa kuma shi ne asibiti: maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, in ya wuce ya wuce. Zuwa asibiti ba ya nufin kin yanke shawarar zuwa kotu, yana nufin kin bar wa kanki zaɓi ne kawai. A Legas akwai cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja tun 2013, kyauta suke dubawa, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a jihohi. Mu maza kuma, in 'yar uwa ta kawo mana irin wannan magana, aikinmu mu raka ta, ba mu zama kakakinta ba tare da ta wakilta mu ba.

Na koma wurin ƙanenmu na ba shi haƙuri a kan shirun da na yi. Mun zauna mun rubuta takarda zuwa ga kwamandan yanki, ba don a rataye kowa ba, abu uku ya nema: a rubuta abin da ya faru yadda ya faru, a nemo sauran biyun da wanda ya sayi laftof ɗin, kuma duk wani zama da za a sake yi a kan maganar a yi shi yana wurin. Kuɗin yana nan cikin ambulan ɗinsa bai taɓa ba, mun ambace shi a takardar. Lambar jikin laftof ɗin ma da ƙyar muka samo ta a kwalin da ya bari a gida, sai da aka turo mana hoto. Kai da ke karanta wannan, danna *#06# a wayarka yanzu ka rubuta lambar da ta fito a wani wuri, ka juya laftof ɗinka ka kwafi tata.

Ranar Asabar bayan la'asar akwai taron ƙungiya, zan kawo shawara a rubuta a kundinmu cewa babu wani shugaba ko wakili da zai halarci zaman sulhu a kan ɗalibi sai ɗalibin yana wurin, ko ya wakilta wani da bakinsa a gaban shaidu, in mace ce kuma ita za ta zaɓi wadda za ta zauna kusa da ita. Na san akwai waɗanda za su ce na cika zaƙewa, ciki har da waɗanda muka je zaman nan tare. Su zo mu yi maganar a gaban kowa. 'Yan sauran makarantu, in kuna da irin wannan ƙa'ida a ƙungiyarku ku turo min yadda kuka rubuta ta kafin Juma'a.

An buga mana hatimin karɓa ranar Talatar da ta wuce. An warware masa ɗinki, amma yatsunsa biyu har yanzu ba sa lanƙwasuwa sosai, jarrabawa kuma saura kwana goma sha ɗaya. Ku sa shi a addu'a.